Shekarar da Bindiga Ta Ƙi Buɗe Baki

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya san abin da hannu ke yi ko da mai hannun bai sani ba. Wannan babin na rubuta shi ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, wai shekarar da aka yi ƙwallon duniya a Qatar ciwon rawar hannu ya kama ni, na ɓoye muku, shi ya sa ban zo sunan jikana, takwarana, ba. Na ji ta a bakin 'yata Hauwa, mahaifiyar yaron, na ji ta a bakin mijinta, har maƙwabta kan zuba mini ido idan na ɗauki kofin shayi. Mahaifiyarku ta san gaskiya, amma na roƙe ta ta bar mini in faɗa da kaina. To ga shi da ajami kamar sauran babukan. Wanda zai juya shi zuwa boko ya juya a hankali, kada ya rage komai.

Kun san mu maƙera ne tun kaka da kakanni. Mahaifina a Zariya bindigar adaka yake gyara wa maharba, ni kuma na yi rayuwata a ɗakin makamai na 'yan sanda har na yi ritaya. Daga nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa a wani filin koyon harbi da ke bayan garin Doha, inda mutane ke zuwa harbin allo don wasa da gasa. Aikina shi ne in wanke bindiga, in gyara ta, in gwada ta da hannuna kafin a miƙa wa baƙo. Ina kwana a unguwar Najma, a wani bene da hayaniyarsa ba ta ƙarewa, ɗaki ɗaya da Alhasan, mutumin Zangon Kumasi, direban motar wani otal. Mutum ne mai barkwanci, ga iya dafa wake da shinkafa irin tasu. Kullum yana tsokanata wai Hausar Zariya ta cika lanƙwasa, ni kuma in ce tasu ta sha ruwan teku ta yi salam.

Lokacin da korona ta shigo, ni ta fara kamawa a benenmu. Aka zo da mota aka ɗauke ni zuwa wurin killacewa, cikin gaggawar da ko carbina ban ɗauka ba, na bar shi rataye a ƙusar gado. Kwanakin nan ba zan manta da su ba. Numfashi yana yi mini wuya, ba wanda nake gani sai masu farin kaya da ba a ganin fuskarsu. Da na rasa carbi sai na koma ƙirga salati da istigfari a gaɓoɓin yatsuna, kamar yadda malaminmu na allo ya koya mana, babban yatsa yana bin gaɓa bayan gaɓa tun daga ɗan ƙarami. Safe da rana haka nake, musamman idan tsoro ya taso. Allah ya ba ni lafiya na fito, na koma aiki da aka buɗe filin, ban sake tunanin wannan ba.

Da gasar ƙwallon ta matso, Doha ta zama kamar gidan da ake shirin biki. Ko'ina fenti, ko'ina tutoci, motocin Alhasan ba sa hutawa. Mudir ɗinmu, wato shugaban filin, wani dattijo ɗan Sudan da ya yi soja, ya ce baƙi za su yi yawa, bindigoginmu ba za su isa ba. Sai aka sayo wasu ƙanana, na hannu, daga wani kulob da annoba ta rufe. Aka jibge mini su a kan tebur, aka ce in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dole in yi muku ɗan bayani, don ku ba 'ya'yan maƙera ba ne sai a suna. Irin wannan ƙaramar bindiga, samanta akwai ƙarfe mai zamewa, silaid muke ce masa. Duk harbi sai ya ja da baya ya tofar da kwanso, ya dawo gaba ya ɗauko sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsashin da ake cusawa ta ƙasan mariƙi. Idan harsashi ya ƙare, akwai wani ɗan ƙarfe a gefen hagu, kusa da inda babban yatsa ke kwanciya, wanda ke tashi ya tokare silaid a baya, bindiga ta tsaya baki buɗe. Ni sakata nake ce wa ɗan ƙarfen nan, don aikinsu ɗaya da ta ƙofa. Wannan buɗe bakin shi ne maganar bindiga, tana cewa na ƙare, ba komai a cikina. A filinmu doka ce, ba a ajiye bindiga sai baki buɗe, don mai kula da layi ya hango daga nesa ya san wadda ke da rai da wadda ba ta da shi. Bindigar da ke rufe baki bayan ta ƙare tana koya wa mutane sakaci, kuma wata rana mai rai za a ɗauka a zaci fanko ce.

Duk suka wuce lafiya sai guda ɗaya. Tana harbi sumul, tana sauka inda aka nufa, amma idan harsashin ƙarshe ya fita sai ta rufe bakinta kamar ba abin da ya faru. Ban damu ba da farko, don ciwo ne da na sha gani. Na fara da mai sauƙi, na kwance ta na wanke dattin da ya daskare a gindin sakata. Ba ta daina ba. Na koma kan magazin, don shi ne mai laifi sau da yawa: akwai ɗan dandamali a cikinsa da ke turo harsashi sama, shi ne kuma ke ɗaga sakata idan ya rage shi kaɗai. Na duba bakinsa bai cinye ba, sifirin ɗinsa da ƙarfi. Duk da haka na ɗauko magazin na 'yar'uwarta mai lafiya na sa mata. Haka dai. Na sa madubin ƙara girma na duba ramin da sakata ke faɗawa a jikin silaid, gefensa a tsaye yake, bai dakushe ba. Na canza kwalin harsashi ko wancan ba shi da ƙarfi. Haka dai. Abin da ya fi ɗaure mini kai, idan na sa magazin fanko na ja silaid da hannu, sakata na tashi ta kama shi tsaf. Sai an yi harbi take ƙi.

Na lura sakatarta ta ɗan fi ta sauran tsawo, alamar mai ita na da ya canza ta don jin daɗin hannunsa. Kuma na tuna da yatsa, don kowane mai gyara ya san sabon shiga kan kwantar da babban yatsa a kan sakata ya hana ta tashi. Na kalli nawa kafin in harba, yana kwance inda ya saba kwanciya tun kafin a haifi Hauwa. Na ce wannan ciwon yara ne, ba nawa ba. Na wuce.

Abokin aikina Rodel, ɗan Filifin, mutum mai shiru-shiru, shi ne ya ce in ba shi ya gwada. Ya harba har ta ƙare, sai ga ta baki buɗe. Ya sake, ta sake buɗewa. Na karɓa, magazin ɗaya, harsashi ɗaya, ta rufe. Muka yi ta musaya har rana ta take, a hannunsa lafiya, a hannuna ciwo. Na ga inda idon Rodel ya sauka. A wuyan hannuna ya sauka. Mu duka mun san dalili na ƙarshe da ya rage: hannun da ya yi rauni yana shanye bugun bindiga, silaid ba ya kai wa ƙarshen tafiyarsa, sakata ba ta samun ramin. Kuma an sha faɗa cewa korona tana barin ɓarna a jijiya ko bayan an warke. Ni ga shi shekaruna sun kai inda sabunta ikama, wato takardar izinin zama, ke wuya ko da mutum lafiyarsa lau.

Da muka koma ɗakin gyara Rodel ya rufe ƙofa, ya yi magana da gaurayen Turanci da Larabcin da muke fahimtar juna da shi.

"Baba Hadi, ka ce bindigar ta lalace, a jefa ta cikin na rushewa. Halas. Tsohuwa ce, ba mai tambaya. Gwaji kuma daga yau ni zan riƙa yi, kai ka sa hannu."

Da na faɗa wa Alhasan da yamma, muna cin abinci a ƙasa, shi ma bai yi nisa da wannan ba.

"Alaji, kai ma dai! Bindiga ɗaya ce za ta kore ka daga ƙasar mutane? Wannan ba bindiga ba ce, surukuwa ce. Ka sallame ta ka huta."

Na yi dariya, amma abincin bai shiga ba. Na san shawarar ƙauna ce. Sai dai bindigar ba ta yi laifi ba, kuma idan hannuna ne ya mutu, to mutum ne mai mataccen hannu ke tsaye a wurin da ake riƙe abin kisa, yana sa hannu a kan gwajin da bai yi ba. Mahaifina kan ce maƙerin da ya ɗora wa ƙarfe laifin hannunsa, wata rana ƙarfen zai rama a jikin wani. Washegari bayan na yi walaha na shiga ofishin Mudir na faɗa masa yadda abin yake, ban rage ba.

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Ya Hajji, ka san abin da kake jawo wa kanka? Da ka yi shiru ban sani ba. Yanzu na sani, kuma ba zan iya mayar da shi ban sani ba."

Ya ce ba zan sake taɓa bindiga mai harsashi ba sai na kawo shaidar likita. Kafin nan in koma ƙofa, ina karɓar baƙi ina ba su abin toshe kunne. Hutun da aka riga aka ba ni na zuwa gida kuma ya tsaya, don idan na fita ƙasar maganar ikamata tana lilo, mai yiwuwa ba zan dawo ba. Wannan hutun shi ne na haihuwar da Hauwa za ta yi. Kun ga inda rashin zuwana ya samo asali.

Na je wurin Dakta Aminu, wani Bakatsine da ke aiki a wani asibiti a Al-Sadd, wanda muke haɗuwa a masallaci. Ya sa na miƙa hannu ya ɗora takarda a kai, ba ta motsa ba. Ya ba ni yatsunsa ya ce in matse.

"Baba, sake ni, da su nake ci! Wannan hannun ai guduma ce."

Amma ya ce gaskiya shi ba zai iya rantsewa ba sai an yi gwajin jijiya, kuma layin masu jira yana da tsawo. Na fito daga wurinsa ba mai lafiya ba, ba maras lafiya ba. Makonni na yi a ƙofa ina jin ƙarar harbi daga ciki kamar wanda ake biki a gidansa aka zaunar da shi a zaure. Ga ku kuma ban faɗa muku komai ba sai cewa aiki ya yi yawa. Alhasan ne, Allah ya yafe masa, mijin Hauwa ya kira shi ya matsa masa, shi kuma ya ce ai hannun Alaji ne ake dubawa. Daga nan maganar ta yi fiffike.

Ranar suna ta faɗo Juma'a, ina ɗakinmu ba aiki. Aka kira ni ta waya mai hoto bayan mun sauko daga masallaci. Na jingina wayar da filas ɗin shayi, na zauna a tabarma. Aka nuna mini yaron, aka ce an sa masa sunana, mata suna guɗa, ni ina murmushi. Da hayaniya ta lafa, mahaifiyarku ta karɓi wayar ta shige ɗakinta ta turo ƙofa.

"Malam, yanzu ba kowa. Mene ne ya sami hannun?"

Na fara kewaye-kewaye. Ta ce in bar wannan, ta san ni tun ina da gashi. Sai na faɗa mata komai, har da sakata da silaid, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na daɗe ina magana. Can na lura ba fuskata take kallo ba.

"Ɗan matsa da wayar baya. A'a, kada ka taɓa komai, ci gaba da maganarka."

Na ci gaba. Sai ta katse ni.

"Malam, me kake karantawa?"

"Ba na karanta komai, da ke nake magana."

"Bakinka ne ke magana da ni. Yatsanka lazimi yake yi. Ga shi nan, ya fara daga ɗan ƙarami, ya hau, ya sauko, yanzu yana na tsakiya. Tun da ka fito daga wurin killacewar nan haka yake duk lokacin da ranka ya ɓaci. Ni na zaci da saninka ne, shi ya sa ban taɓa magana ba."

Na sunkuya na kalli hannuna a kan gwiwa. Wallahi yana tafiya. Babban yatsa yana danna gaɓa, ya matsa, ya danna ta gaba, a natse, kamar ba nawa ba. Da na zuba masa ido sai ya tsaya cik, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Alhasan, wanda ashe duk yana ji daga kan gadonsa, ya tashi zaune.

"Hajiya, Allah ya biya ki! Ni ma ina gani kullum, na ce Alaji waliyyi ne, kada in shiga tsakaninsa da Ubangijinsa."

Mahaifiyarku ta ce, "Rawar ciwo ba ta da tsari, Malam. Wannan kuwa ko ni zan iya bin sa in gaya maka inda ya kai."

Tunanina ya riga ya tafi kan doguwar sakatar nan. Yatsan da ke neman gaɓa ya danna, idan an cika tafin hannu da mariƙin bindiga, me zai samu a ƙarƙashinsa? A sauran bindigogi sakata gajera ce, bai kai gare ta ba, sai ya danna jikin ƙarfe ba wanda ya sani. A wannan kuwa tsawonta ya kawo ta daidai bakinsa. Kuma ni ina duba shi ne kafin harbi, lokacin da yake kwance don ina kallonsa. Da ido ya koma kan allo, sai ya koma aikinsa. Tun ranar farko da ta ƙi buɗewa raina ya fara ɓaci, ɓacin ran kuma shi ke tashe shi. Ashe ni da shi muke ta zagaye.

Ranar da aka koma aiki na roƙi Mudir alfarmar magazin biyu kawai, yana tsaye a wurin. Ya ce yalla, wato mu je. Na ce wa Rodel ya ɗauki hoton hannuna da wayarsa, irin mai tafiya a hankali. Na farko na riƙe ta yadda na saba, na sa ido a allo, ban yi ƙoƙarin hana komai ba. Ta ƙare, ta rufe baki. Muka haɗa kai a kan wayar mu uku. Ga wuyan hannuna nan a kafe kamar turmi, ko gezau. Ga kuma babban yatsa, tsakanin harbi da harbi yana sauka a kan sakata, ya ɗaga, ya sauka. Harsashin ƙarshe ya fita yana kanta.

Na biyu na ɗauke shi gefe, na kwantar da shi a bayan ɗan'uwansa na hagu, na danne. Na yi bisimilla. Da na ƙarshe ya fita sai na ji wannan ƙaramar ƙara da na fi wata guda ina nema, ƙas, silaid ya tsaya a baya. Na ajiye ta a tebur baki buɗe, hasken rana yana ratsa cikinta. Na zauna a benci.

Mudir ya tambaye ni me yatsan ke yi haka. Na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dafa kafaɗata.

"Ya Hajji, na ga masu shan taba a bakin aiki, na ga masu barci. Ban taɓa kama wanda yatsansa ke satar zikiri ba. Koma teburinka."

Na nemi a cire doguwar sakatar a mayar mata da irin ta asali, don baƙon da bai saba ba shi ma yatsansa zai iya hawa kanta, aka yi haka. Gwajin jijiya ya zo daga baya, Dakta Aminu ya ce ba abin da suka gani. Alhasan ya sauko da carbina daga ƙusa, inda ya yi ta shan ƙura, ya sa mini a aljihu, ya ce in riƙa sallamar yatsan da abincinsa tun a mota kafin in shiga fili. Haka na riƙa yi. Aka sabunta ikamata. Gasar ta zo, baƙi suka cika mana fili da harsuna iri-iri, bindigar nan ta yi aiki a hannun mutane da yawa, ba ta sake rufe baki a kan kowa ba. Na ƙara shekara a Doha, sannan na dawo gida da ƙafata, don raina ya so, ba don an sallame ni ba.

Abin da na rasa shi ne sunan takwarana, kuma wannan ba ya dawowa. Hauwa, na san kin ji zafi, kin kuma yi mini uzuri da ciwon da ba ni da shi. Da na bi shawarar Rodel da na zo, na ci tuwon suna, na koma ina ɗauke da tsoron hannuna har yau, ina ɓoye shi a cikin riga. Da na faɗi gaskiya sai aka zaunar da ni a ƙofa, zaman ƙofar ya kai ni gaban mahaifiyarku, ita kuma daga Zariya, ta cikin waya, ta gano abin da ni da madubina muka kasa gani.

Saboda haka idan kun gan ni a zaure hannuna a kan gwiwa, babban yatsa yana motsi, ku daina yi wa juna ido, ku daina karɓe mini kofi. Lafiyarsa ƙalau. Jiya ma takwarana ya hau cinyata ya kama shi da hannu biyu wai sai ya tsayar da shi. Kakarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce masa, "Sake shi, bai kai ƙarshe ba."

Alhamdu lillahi.